Takardar Alhaji Sallau

Kun dai san dillalan mota, irin waɗanda in sun rantse maka da Allah sai ka ƙara dafe aljihu. To akwai wani a garinmu, Alhaji Sallau, wanda ko a cikinsu ya yi fice. Shi ya sayar wa Malam Ilu, tsohon hedimasta, mota 'yar Kwatano, ya lamushe kuɗin sallamar da bawan Allah ya samu bayan shekara talatin da biyar yana shaƙar alli. Mota sai sheƙi take, kujeru har da ledarsu. Malam Ilu kuwa bai san komai a jikin mota ba sai sitiyari da hon. Burinsa ya riƙa ɗaukar fasinja daga Funtuwa zuwa Bakori, ya samu na cefane.

Kwana huɗu ta yi tana yaudararsa. A rana ta biyar, da fasinja cike, ya taka birki a gangare, birki ya ce bai san zancen ba. Tulin yashin wani mai gini ne Allah ya sa ya tare su, wata tsohuwa a baya tana salati tana zagin direba a numfashi ɗaya. Da bakanike ya leƙa ƙarƙashinta, sai ya fito yana tafa hannu. Ashe gaban wata mota ne da bayan wata aka haɗa da walda, aka shafe da fenti, bututun birki kuma da roba aka ɗaure shi.

Malam Ilu ya koma wurin Alhaji Sallau, ya tarar da shi a inuwa yana sakace. Ko tashi bai yi ba. Wai mota rai gare ta kamar mutum, yau lafiya gobe ciwo. Shugaban dillalai kuma ya ce a yi haƙuri, ƙaddara ce, sai ka ce ƙaddarar ce ta riƙe injin waldar. Wallahi abin ya ƙona mini rai. Da Malam Ilu ya ga in ya yi shiru ya rasa mota ya rasa kuɗin tsufansa, sai ya kai ƙara, aka jawo motar da igiya har ƙofar kotu.

Ranar zama Alhaji Sallau ya shigo da babbar riga tana ƙamshi, ya zaro takardar ciniki ya miƙa wa alƙali yana murmushin wanda ya riga ya ci shari'a.

"Allah ya gafarta malam, ni ban sayar masa da mota ba. A karanta. Tarin ƙarfe na sayar masa, ga sa hannunsa. Haka muke rubutawa, don kar gobe wani ya zo mana da zancen aibi. Ƙarfe kuwa ai ba ya da birki."

Malam Ilu ya sunkuyar da kai. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana zane yara don ba su karanta tambaya kafin su amsa, ga shi ɗoki ya sa ya rattaba hannu bai karanta ba.

Alƙali ya duba takardar sama da ƙasa, ya cire tabarau.

"Gaskiyarka, Alhaji, ƙarfe ka sayar. Ƙarfe kuwa kowa ya san yadda ake cinikinsa. A kai ta sikelin 'yan gwangwan da ke gangaren kasuwa a auna. Ka riƙe kuɗin kilo, ka maido wa Malam sauran."

Murmushi ya ɗauke. Alhaji Sallau ya miƙe, hula ta karkace.

"Haba, Allah ya gafarta malam! Wa ya taɓa auna mota da kilo? Wannan fa lafiyayyar mota ce, na rantse, ko Legas aka ce za ta je!"

Alƙali ya tura masa makulli a kan tebur.

"Ba sai Legas ba, Alhaji. Tuƙa ta da kanka zuwa gangaren nan. In ka tsaya a bakin sikeli, mota ce."