Kwalbar da Kunun Iya Larai Ya Kashe

Da zuciya cike da baƙin ciki, da haƙuri kan abin da ya riga ya faru, Malama Wasila Mahamud, mai gwajin ruwan sha a wani labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, cikin birnin Damagaram, tana sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar abokiyar tafiyarta, kwalbar gilashi mai shuɗin murfi wadda kowa ya sani da suna Shaida. Ta rasu ranar Talata bayan azahar a wani ƙauye na ƙasar Zermu, tana bakin aikinta.

Ga waɗanda ba su san marigayiyar ba, ita ba ta taɓa ɗibar ruwan rijiyar kowa ba. Kafin a fita, Malama Wasila kan dafa ta a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, ta cika ta da tataccen ruwan labo, ta sa ta cikin akwatin ƙanƙara tare da sauran kwalabe. In an isa ƙauye, 'yan uwanta su cika ciki da ruwan rijiya, ita kuwa a buɗe ta ta shaƙi iskar wurin, a rufe. Idan aka dawo aka gwada aka tarar tana nan tas, duk ƙazantar da ke cikin sauran daga rijiya take. Idan ita ma ta ɗauko cuta, laifin na hanya ne ko na hannun mai ɗiba, sai a zubar da aikin a sake. Aikinta ke nan, ta je ta dawo ba ta ɗauko komai ba. Ma'aikata da yawa haka suke yi, amma ita kaɗai ake yaba wa.

Marigayiya mai kamun kai ce. Ta je Takieta, ta je Garagumsa, ta sha ramukan hanya a bayan motar Alkasum direba, ba a taɓa jin ta ce komai ba sai "ƙil, ƙil" a hankali in ta gogi maƙwabciyarta. Ba ta da sani ba ta da sabo. Ita ta tona asirin Alkasum ranar da ya ɓoye ɗanyen naman akuya a akwatin ƙanƙara, kuma har yau bai yafe mata ba, ko da yake an gan shi wurin gaisuwa.

Ba ta yi jinya ba. An je ɗibar ruwan sabon foraji ne, wato rijiyar burtsatse mai fanfo, wanda aka garƙame da kwaɗo sai labo ya ce a sha, mutanen ƙauyen kuwa suna shan tafki tare da shanunsu. Da aka gama, Malama ta shiga gidan maigari yin salla. Ta bar wa Alkasum tsaron akwati, shi kuma ya bar wa Allah. Iya Larai, mahaifiyar maigari, ta dama wa baƙi kunun gyada na tafiya, ta rasa mazubi mai murfi. Da idonta ta ga an cika kowace kwalba a fanfo ban da guda, don haka ta tabbata wannan ba ta da aiki. Ta buɗe akwati, ta laluba, ta zaro ta, ta zubar da ruwan birni, ta tuttula kunu mai tururi cikin gilashin da ya fito daga ƙanƙara. Kalmar marigayiya ta ƙarshe ita ce "ƙas".

Malama ta fito ta tarar kunu yana bin yatsun tsohuwa. Iya Larai ta ce, "Wayyo 'yata, kwalaben naku na birni ba su da ƙwari. Yi haƙuri, zan nemo miki wata." Zuciyar Malama ta karye, amma ta ce ba komai, har ta sha sauran kunun a ƙoƙo.

Marigayiya ta bar 'yan uwa kwalabe marayu, da akwatin ƙanƙara, da ma'aunin zafi. An gwada ruwan marayun, an ga ƙwayoyin cutar zawo. Daga foraji suke, ko daga hannun da ya laluba akwati? Mai faɗa ta mutu. Mushe Kassim, shugaban sashe, ya zo ta'aziyya da shawara a aljihu. Ya ce, "Madam, cika wata nan ki ce ta je mana. Wa zai sani? A rufe dosiye, a ajiye takardu, kowa ya huta." Malama ta san in ta yi haka sabuwar za ta fito tas, an yanke wa foraji hukunci ke nan da shaidar zur, ya zauna a garƙame, ƙauye ya dawwama a tafki. Ta gode masa, ta ce mamaciyar ba ta bar wasiyyar haka ba.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi a bayan labo, cikin akwatin fasassun gilasai. Babu zaman makoki, domin washegari Malama za ta koma ƙauyen da sabuwar kwalba ta sake ɗiba, ta tsaya gaban matan da suka jera bido, wato jarkoki, a bakin fanfo ta ce su ƙara haƙuri. Iya Larai ta aiko da kwalbar maganin tari, wankakkiya, a naɗe cikin ɗankwali, tana tambaya ko za a buɗe fanfo kafin Juma'a, don jikarta na kwance da zawo. Ana roƙon duk wanda ya san dalilin jinkirin, don Allah kada ya faɗa mata.