Ranar Da Na Kira Sunan Malam

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kira sunan mijina da bakina ba, har dangi kaf suka ji. Shekara arba'in da ɗoriya muna zaune a Tudun Wada, ban taɓa furta shi ba. Malam nake cewa. Sai bayan ƙasa ta rufe masa ido waya ta tona mini asiri. ('Yata Saudatu ce ke rubuta mini wannan, kuma na ce ta daina dariya.)

Ni ban yi boko ba, da hoto nake gane waya. Lokacin da Malam yake kwance a asibiti yakan aiko mini da saƙon murya. Akwai guda ɗaya: "Hajjo, kin sha maganinki? Kada ki zauna da yunwa." Tun da Allah Ya karɓi abinSa, kullum da hantsi sai in taɓa koren hoto, in taɓa fuskarsa da hularsa, in taɓa 'yar kibiya. Taɓawa uku, sai ya yi magana. In yi kukana, in sha magani.

Rannan na taɓa, sai wani rubutu ya tare hanya. Saudatu ta duba ta ce tsohon koren ya daina aiki, sai an sabunta. Muka tafi wurin Nura mai gyaran waya.

"Ɗan nan, a bar mini tsohon mana," na ce.

"Inna, masu yin sa sun daina kula da shi. Abin da ke zana hotunan nan a fuskar waya ne aka canja. Riƙe tsoho da sabo aiki biyu ne, kowanne ya samu matsala sai an bi shi an gyara."

"Malam tela ne. Samari na son sabon yayi, amma bai taɓa korar dattijo don ya ce a yi masa ɗinkin da ba."

"Shi mutum nawa yake yi wa, Inna? Waɗannan duniya suke yi wa ɗinki."

(Gaskiya Malam ma yakan yi mita cewa ɗinkin da ya fi cin lokaci. Wannan ban gaya wa Nura ba.)

"To muryar fa?"

"In sha Allahu tana nan."

Ya sabunta ya miƙo mini, amma hankalina bai kwanta ba. Haka likita ya ce mana lokacin da Malam yake kwance.

Washegari Saudatu ta tafi aiki, na ɗauki waya. Koren ya sauya, fuskoki sun ƙanƙance, na nemi hular Malam sama da ƙasa na rasa. Na taɓa nan shiru, na taɓa can shiru. Na ce shi ke nan, sun share shi, an yi mini mutuwa ta biyu. Na danne wani abu da babban yatsa kamar mai riƙe bakin rigar matafiyi.

"Malam? Malam!" Shiru. Ban san lokacin da ya fita daga bakina ba: "Idrisu! Idrisu, kada ka sake tafiya ka bar ni! Na sha maganin, wallahi na sha!" (Ban sha ba.)

Da la'asar akwai suna a Gyallesu, gidan danginsa. Na wanke fuska na tafi da kumburarrun idanu. Ina yin sallama tsakar gida ta yi tsit. Mata na kallon wayoyinsu, suna kallona. Na tsorata, na ɗauka wani ne ya rasu.

Yaya Gambo, yayar Malam, ta yafito ni da sandarta. Ta sa aka danna mata waya, sai ga muryata ta cika gida tana kwarara sunan ƙaninta. Ashe abin da na danne na ɗaukar murya ne, kuma taron dangi da ke cikin waya na aika wa. Har surukaina maza suna ciki.

"Hajjo," in ji ta, "ashe kin san sunansa? Mu da muka ɗauka ba a taɓa gaya miki ba!"

Gida ya kwashe da dariya. Na ja mayafi na rufe fuska, na ce ƙasa ta tsage in shige. Amma kunyar ba ta kai tsoron ba. Daga cikin mayafin na ce, "Yaya, muryarsa ta ɓace."

Dariya ta tsaya. Saudatu, wadda ta riga ni zuwa, ta karɓi wayata, ta ja yatsa ƙasa sau biyu. "Hajjo, kin sha maganinki?" Yaya Gambo ta saki sanda ta fashe da kuka, shekara biyu rabonta da jin sa.

Yanzu an zuba mini muryar a 'yar rediyo mai maɓalli ɗaya, wadda ba mai sabunta ta. Masu waya kuwa na yafe musu, amma su riƙa tunawa akwai mu da ke gane hanya da hoto. In za su rushe tsohuwar ƙofa, su nuna wa tsohuwa sabuwar. Ni ma na koyi nawa: ba na ƙara yi wa mamaci ƙaryar shan magani da yatsana a kan waya.