Cindo da Shuɗɗan Tumakin Dutse

Yaya Haladu, Allah ya jiƙan ka, ka tuna hoton nan na jikin takardar da aka ƙunso mana ƙosai? Wasu tumaki ne shuɗɗa, tsaye a kan dutsen da ya fi gajimare tsawo. Daga hoton ka ƙago mini Cindo. Ba ka ƙarasa labarin ba ka shiga mota, ka ce in jira ka a tasha. To ga shi yadda na riƙe.

A gindin wani dutse mai kai cikin gajimare, akwai Cindo da kakarsa Iya Kyallu. Ba gona, ba kaza, sai tunkiya guda, ita kaɗai ce abin da uwarsa ta bari. Cindo kuwa, yadda aka faɗa masa magana haka yake ɗaukarta, ba ragi ba ƙari.

Wata rana Iya ta ce, "Maigidana, kai tunkiyar nan kiwo. Kada ka ɗauke ido daga kanta." Da la'asar ya dawo shi kaɗai, idanu jajur.

"Ina tunkiyar?"

"Ta bi shuɗɗan tumakin dutse, Iya, ta shige gajimare. Ko ƙiftawa ban yi ba."

"Ba ka kamo ta ba?"

"Kallo kika ce."

Iya ta zauna a kan turmi. Ranar ba ta taɓa tuwo ba.

Wata rana ya je wurin Baba Jatau maharbi neman dabara. Jatau ya ce, "Ɗan nan, tumakin can hancinsu ya fi idonsu. In za ka hau, ka bar iska tana bugun fuskarka." Iskar dutse kuwa ba ta da alƙibla. Ta juya, Cindo ya juya. Ya wuce agwada suna shan hantsi, ya wuce wata 'yar gada, irin ta dutse, a tsaye kan kofatonta, ya gangara yana bin iska har ya tsinci kansa a madafa, Iya tana fifita wuta da faifai.

Ya ce, "Ci gaba da fifitawa, Iya, na kusa."

Wata rana Jatau ya ce masa, "In ka ga alamar damisa, kada ka ba ta baya." Watanni Cindo yana hawa yana sauka, sai ran nan ya ga sawunta a laka, bakin maɓuɓɓuga. Ya gaishe da sawun, ya taho da baya da baya har cikin gari, har cikin ramin karofi. Masu rini suka tsamo shi shuɗi tun daga kai har tafin ƙafa.

"Kai, Cindo! Ka ɓata mana ruwan baba!"

"Amma ba ta ga ƙeyata ba."

Wata rana Jatau ya gaji da shi. Ya cika masa hannu da kanwa, ya kai shi can sama kan wani falalen dutse, ya ce, "Zauna nan kamar dutse. Kada ka motsa sai na kira ka." Jatau ya sauka kasuwa, ya manta.

Cindo ya zauna. Gajimare ya zo ya ratsa shi, ya bar masa raɓa a gashin ido. Shuɗin jikinsa ya saje da na duwatsu. Wata agwada ta hau gwiwarsa ta yi barci. Inuwar gaggafa ta bi ta kansa, shiru. Can sai ya ga duwatsun gabansa suna numfashi, suna miƙewa, ashe shuɗɗan tumakin ne. Suka matso suna sansanar iska, suka sa harshe a tafinsa suna lasar kanwa. Daga bayansu tunkiyar uwarsa ta fito ta kwanta a jikin ƙafarsa, da ɗan rago shuɗi-shuɗi yana neman nono.

Da rana ta karkata, Iya ta taso Jatau a gaba da faɗa, suka hau. Ta hango jikanta a tsakiyar garken, ta ce, "Tashi mana, maigidana!"

Ta gefen baki ya ce, "Ba ke za ki kira ba."

Jatau ya yi furfura a farauta bai taɓa ganin idon tumakin nan a kusa ba. Ya ajiye bakansa a ƙasa, ya ce a hankali, "Cindo."

Cindo ya miƙe. Garken ya narke cikin gajimare. Tunkiyar ta biyo hannunsa mai kanwa, ɗanta yana biye, har gida.

Yaya, zaman Cindo a kan dutse ni na ƙara, kai ba ka kawo nan ba. Kullum da la'asar nakan je bencin nan na tasha in zauna. Inna tana tsammanin neman aiki nake fita. Na san ba za ka kira ba, ina dai zaune. Ban faɗa wa kowa ba tukuna.