Kuskuren Alkasum a Ƙafa Dubu Goma

Jama'a, ranar Juma'ar nan da ta wuce na koma gida da takalmin hagu biyu. Lafiyata lau, kuma ban sha komi ba sai ruwan tulu. An sallame salla a babban masallaci, na fito ƙofa na tarar da takalma tuli, duka na roba, duka da hoton kifi a dunduniya. Na tsaya dube-dube, mutane na ture ni, sai na zura ƙafa cikin waɗanda suka fi kusa na kama hanya. Ban gane abin da na yi wa kaina ba sai da na ga ƙafafuna na ta karkata da ni wajen unguwar Dagmanet, alhali gidana ba can yake ba.

Balki, mai ɗakina, ta dubi ƙafafun ta ce, "To, Malam, wani bawan Allah na can da na dama biyu. Sai ka neme shi ku ƙulla zumunci."

Shekara huɗu baya wannan abin kunya ba ya samun mutum a Agadas. In kana son takalmi, wurin baduku za ka, ka ɗora ƙafa bisa fata, ya zagaya ta da bakin wuƙa, ya lura da yatsan da ya karkace da dunduniyar da ta tsage, ya ɗinka maka naka kai kaɗai. Ko cikin takalma ɗari ka san naka, kuma kowa ya san naka ne. In ka je gidan mutum, takalman ƙofa su ke gaya maka wa ke ciki, ka san ko za ka yi sallama ko za ka wuce. Yanzu sai ka afka zaure ka iske surukinka zaune. Illo mai bin sawu, wanda ke gane mutum da takunsa bisa rairayi, an ba shi aikin neman ɓarawon akuya watan jiya. Ya bi sawun kifi unguwa uku, sawun ya kai shi ƙofar gidansa shi kansa.

Kifin nan alamar kampanin da ke kawo takalman ne, shi ya sa muke ce masa Kampani Mai Kifi, don sunansa na gaskiya ba ya faɗuwa a bakin mai azumi. An ce ana tatsar robar a wata ƙasa, a narka ta a wata, mai abin kuwa yana zaune a ta uku, bai taɓa taka rairayi ba. Ranar da aka buɗe kantinsu, wani babban mutum ya zo, wanda ni nake kira Mai Girma Sarkin Almakashi, don tun da muka sami mulkin kai ban ga wani aikin da yake yi ba sai yanka ƙyalle a ƙofar gini. Ya yanka, ya gyara murya, ya ce daga yau Agadas ta shiga duniya. Ni da na ɗauka tun da can cikinta muke, na tafa tare da jama'a.

Ba zan ci amanar gaskiya ba. Takalmin na da araha, kuma talakan da ke yawo ƙafarsa ƙasa ya sami abin takawa. Da bazara dai yana dafa ƙafa kamar dankali, amma ana haƙuri. Ni kaina na saya. Abin da ya hana ni sakewa shi ne maƙwabcina Alkasum baduku, wanda katanga ɗaya ta raba mu. Wata biyu ina bin lungun baya don kada ya ga abin da ke ƙafata.

Alkasum ya shekara arba'in a rumfarsa ta kasuwa, inda ubansa ya zauna. Rumfunan dukawa goma sha ɗaya ne a jere, kifi ya cinye su ɗaya bayan ɗaya, har saura tasa. Wata safiya muna shan shayi ya ce mani, "Maƙwabci, ka bar wahal da kanka da lungu, na daɗe da ganin sawunka. Ni dai in Babbar Salla ta wuce ban samu aiki ba, rufe rumfa zan yi." Ya faɗa ba tare da fushi ba, kuma wannan ya fi yi mani ciwo.

Ana nan sai ga Mai Girma da kansa a rumfar, da mota da masu riƙe masa jaka. Ya ce babban direktan kampani zai zo daga ƙetaren teku, ana son kyauta wadda za ta nuna masa mu ma muna da hannu. Ya ƙara da cewa kampanin na da kantuna a ƙasa arba'in, in Mushe, wato direktan, ya yaba, aiki zai yi wa Alkasum yawa har sai ya nemi mataimaka.

Alkasum ya ce, "Ranka ya daɗe, na ji. Sai a kawo mani ƙafar."

"Wace ƙafa?"

"Ta Mushen. Ba ni ɗinki ban ga ƙafa ba."

Aka buga waya ƙetaren teku. Amsa ta dawo bayan kwana tara, an ce ƙafar Mushe nimero arba'in da huɗu ce. Alkasum ya ce shi bai san arba'in da huɗu ba, ƙafa ya sani. Nan fa manyanmu suka nuna ba a banza suke zaune biro, wato ofis, ba. Aka naɗa komiti na mutum bakwai, aka ba su mota biyu, suka bazama neman mai ƙafa arba'in da huɗu. Duk biro aka auna ba a samu ba, don ƙafar mai zaman kujera ba ta faɗi. Sai can ƙauyen Tabelot suka iske wani mai noman albasa cikin garkarsa, wato lambunsa, suka ɗauko shi da laka a ƙafa, yana ta rantsuwa bai yi laifin komi ba. Alkasum ya wanke masa ƙafa, ya zana, aka maida shi gida da goro biyu.

Kwana ashirin Alkasum yana bisa takalmin nan. Ta kan katanga nake jin bugunsa tun asuba. Jar fata mai faɗi irin tamu, da ado na kore, da ɗinki sirara kamar an jera gero. Da ya gama ya nuna mani, sai na ɓoye ƙafafuna ƙarƙashin riga.

Ranar biki aka tara mu a rana, manya na inuwa. Mushe ya karɓi takalmin. Na zuba ido in ga ya sa, bai sa ba. Ya juya shi, ya lanƙwasa, ya shinshina, ya ce da Faransanci, "Très intéressant," ya miƙa wa wani ya naɗe a takarda. Mai fassara ya ce mana Mushe ya ce tun da aka haife shi bai ga irinsa ba, kuma zai tuna da Agadas har abada. Ban yi lakkol ba, ban san boko ba, amma na yi mamakin yadda kalma biyu ta haifi wannan duka.

Kun san al'adarmu. In talaka ya kai wa babba kyauta, tukuici na tafe, kuma ya kan fi kyautar. Alkasum bai taɓa jin an karya wannan ba, don haka bai ga dalilin da zai sa mutanen ƙetaren teku su karya ba. Ya share rumfa, ya sayi fatu, ya aika wa tsofaffin abokan sana'arsa su wasa basilla, aiki na nan zuwa. Babbar Salla ta zo ta wuce, bai rufe ba. Duk kamyon, babbar motar kaya, da ya shigo gari sai ya miƙa wuya.

Wata takwas aka yi, sannan kamyon kampani ya zo. Aka ce sabon kaya ne, layi ya kai har bakin mahauta. Na shiga, don me zan ɓoye maku. Da aka buɗe kwali sai na ga ja da kore, mai faɗi, da ado, da ɗinki sirara. Na ɗauka na shafa. Roba ce, ɗinkin ma na roba ne, injin ya zuba shi tare da sauran. A jikin kwalin an rubuta Agadas da manyan baƙaƙe, ga kifi a dunduniya. An ce dubu goma aka kawo wa ƙasarmu kaɗai.

Na kai wa Alkasum, don gara ya gani daga hannuna. Ya daɗe yana juya shi. Na yi zaton zai yi zagi, sai ya ce, "Sun iya." Can ya kai shi kusa da ido, fuskarsa ta canza.

"Maƙwabci, dubi nan, gindin hanci. Ka ga ɗinki uku da suka karkace?"

Sai da na ƙura ido na gan su.

"Nan basilla ta zame mani. Na ɓoye shi ƙarƙashin maɗauri, ba mai gani. Su kuwa sun fito da shi sarari. Wanga abu duk a haka yake?"

Na ce duk a haka yake.

Washegari na raka shi biro. Muka zauna bisa benci tun hantsi har azahar kafin a shigar da mu. Mai Girma ya tarbe mu da fara'a, ya ce Alkasum ya gode wa Allah, aikinsa ya shiga ƙasa arba'in ba tare da ya motsa daga rumfa ba. Ya ce abu ɗaya ne, zanen yanzu na kampani ne, an yi takarda an buga hatimi, saboda haka kada ya sake ɗinka irinsa sai da izini, don kwaikwayon kayan mutane laifi ne.

Na buɗe baki, Alkasum ya taɓa ni. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ban zo don tukuici ba, na haƙura da shi. Roƙona ɗaya, a buga musu waya su gyara ɗinkin nan uku. Kuskure ne."

Mai Girma ya yi murmushin tausayi, ya ce, "Baba, injin ba ya kuskure." Aka buɗe mana ƙofa.

Ku je kasuwa yau za ku iske Alkasum a rumfar ubansa. Basilla na cikin jaka, fatun da ya saya na rataye suna shan ƙura. Gabansa kaskon garwashi ne da tsohuwar wuƙa, yana liƙa wa mutane robar da ta tsinke, da wannan yake ci. Amma duk wanda ya gitta da jan takalmin nan, sai ya kira shi, ya ce ya cire. Ya sa wuƙa a wuta, ya shafe ɗinkin nan uku har wurin ya yi sumul, ya miƙa masa, kuma ba ya karɓar komi. Wasu na dariya, wasu na tsayawa su yi masa sannu. Ni in na gani raina ɓaci yake, kuma ban san wanda zan kama ba.

Jiya na ce masa, "Alkasum, yaushe za ka gama wannan?"

Ya ce, "Na Agadas zan gama in Allah ya ba ni kwana. Na sauran ƙasashe talatin da tara ne ke damuna. Mutane na can suna takawa, suna cewa haka dukawan Agadas ke ɗinki."

Mai Girma kam ba ya cikin masu zuwa gyara. Shi na fata yake sawa, mai igiya, ɗinkin Turai, irin wanda ake yi da fatun da ake kwasa ɗanyu daga mahautarmu. Na dube shi da kyau ranar da muka je biro, kuma in idona bai ruɗe ni ba, na san akuyar.