Ina Wuyan Kabejin?

"Gajiya ta bi lafiya, amarya. Ni ba gaisuwa nake jira ba, ina hantar da na aike ki?"

Tsohon mahaucin ne ke tambayar jikarsa daga kujerarsa ta bakin kicin, tun ba ta cire takalmi ba. Daga asibitin da take aikin jinya ta biya kasuwa, tana sane ta wuce layin masu nama ko waiwaye babu. Ta daɗe da barin duk abin da ya fito daga jikin dabba, nama da kifi da ƙwai da madara. Da tsohon ya kwanta ciwo ya kafe ba zai sa komai a baki ba sai ta ci tare da shi, shi ne ta karya dokarta, daga kurɓar romo har ta kai ga tsotsar ƙashi. Yanzu ya miƙe, ita kuma ta ƙudurta komawa kan dokar. Abu ɗaya ke cin ranta: ta san halinsa, in kwanonsu ya rabu zai iya ture nasa ya kwana da yunwa.

Ta zazzage jaka a kan tebur, wake da karas da albasa, sai wani ƙaton kabeji da ya mirgino har gabansa.

"Ga ta nan, hantar gona ce."

"Oh ni! Na auro mace ashe akuya aka kawo min. Gobe sai in sa a ɗaura miki turke."

"Akuyar ai ta fi angon da haƙoransa suka yi ƙaura suka bar shi. Da me za ka tauna hantar, da dasashi?"

"Dasashin nan ya ga bayan bijimai. Ke dai tuban muzuru kike yi, kaza a baki. Wa na gani kwanan baya tana buga ƙashi a bakin kwano tana neman ɓargo?"

Maganar ta soke ta, don gaskiya ce, amma ba ta bari ya gani ba. Ta ce masa jinyar wani rigimammen tsoho ce ta ja mata, kuma wanda ya yi tuntuɓe ba ya shimfiɗa tabarma a wurin ya kwanta.

"To ki sha romo kawai. Romo ai ruwa ne, ba nama ba."

"Da romon ka kama ni wancan karon. Yau ko na tukunya ko na baka, ba na sha."

"Ƙwai fa? Ko wuƙa ba a sa masa."

"Ka tambayi kazar."

"Madara? Saniya kyauta take bayarwa."

"Ka taɓa jin ta ce ga shi?"

Ya kama haɓa yana salati, ya ce jikar mahauci guda tana kiwo a tebur, in abokan sana'arsa suka ji sai sun cire masa hula a kasuwa. Ya ƙara da cewa shi kam yau azumi zai ɗauka. Ta ɗora wake a wuta, ta juya masa baya.

"Ka yi azuminka, angona. Ni dai na koma, kuma ba na son ci ni kaɗai."

Ta ɗauko 'yar wuƙarta mai dakushi ta hau kabejin, tana gutsura shi manya-manya kamar mai faskare. Tsohon ya kalla, ya kau da kai, ya sake kalla. Mahauci zai iya jure yunwa, amma ba zai iya kallon mugun yanka ba.

"Kai, tsaya! Wannan ai mushe za ki yi mana."

Ya tashi da ƙyar ya janyo aljihun tebur, ya kwance tsumman da ya naɗe tsohuwar wuƙarsa, wadda ko 'ya'yansa ba ya bari su taɓa. Ya wasa ta, ya gwada a farce, ya yi bisimilla. Sai ya shiga juya kabejin yana lalube.

"Ina wuyansa?"

Dariya ta ƙwace mata har da hawaye, shi ma ya fashe, kafaɗunsa na rawa.

"Riƙe min ƙafafunsa kar ya shure ni," in ji shi, wuƙar na sauka siri-siri. "Kin ci gari, akuya. Ɗauko kwanon nan namu, guda ɗaya ya ishe mu."