Tattabarar da Na Saki a Bikin Rahila

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na saki tattabara a bikin Rahila ba, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in nemo Bitrus in shaƙe shi.

Lokacin ina aji uku a jami'a, ɗaki ɗaya muke haya da shi a Samaru. Littattafan soyayya sun gama cinye min kai. Burina in zama mai gabatar da taro, irin wanda in ya riƙe makirfo 'yan mata za su dafe ƙirji. Har suna na raɗa wa kaina, Yariman Kalamai (babu wanda ya taɓa kirana da shi, ko da wasa).

Bitrus kasuwanci yake karantawa, shi ya fara hure min kunne.

"Mutumina, kowa a Zariya ya iya surutu. Nemi wani abu naka kai kaɗai, wanda in an gani za a ce kai ne."

Ya ce yayarsa Rahila za ta yi aure, za a yi liyafa a wani ɗakin taro a Sabon Gari bayan an taso daga coci, kuma ya roƙi Mamansu a ba ni makirfo. Da ƙyar ta yarda. Wannan ne tarona na farko, a nan zan kafa sunana ko in binne shi.

Kwana uku ina tunani, sai na tuno wani labari da saurayi ya saki farar tattabara gaban masoyiyarsa, ta yi sama har ta ɓace cikin gajimare. Shi ke nan! Da farar tattabara zan riƙa rufe kowane jawabi. Na tafi Bomo na samo guda wurin wani mai kiwo. Na buga katuna da hotonta a jiki da sunan nan nawa. Na aro farar babbar riga, don aljihun ƙirjinta zai ɗauke ta babu mai gani.

Damuwata ɗaya, kada ta yi min kashi a rigar mutane.

"Wannan ai mai sauƙi ne," in ji Bitrus. "Hana ta abinci tun Juma'a. Cikin da ba komai me zai fitar?"

(Ɗan jami'a ke nan fa. Ni kuma wani ɗan jami'ar na ce masa, "Kai, kana da basira!")

Ranar biki, gaskiya na yi magana. Na ce amarya farin wata ce daren sha huɗu, na ce zuciyar ango tulu ce da ta cika har tana zuba. Mata suna guɗa, ina jin abar tana motsi a ƙirjina, ni kuwa ina ƙara kumbura. Ana cikin raba shinkafa na ɗaga murya:

"Jama'a, ku ɗaga kai ku ga yadda soyayyarsu za ta tashi!"

Na zaro ta na cilla sama.

Wane gajimare? Rufin kwano ne a samanmu, abin da ban taɓa tunani a kai ba. Ta zaga fanka sau ɗaya, ta hango abin da na hana ta tun jiya, ta sauko kai tsaye cikin farantin shugaban taro, wani tsohon hedimasta mai gilashi. Ta hau tsattsagar shinkafarsa kamar ita aka zuba wa. Tsoho ya zabura, miya ta wanke masa kwat. Wata mata ta kai mata duka da mafici, ta tashi ta dira bisa gwaggwaron Maman amarya, wanda aka yi awa guda ana ɗaurawa. A nan kuma ta ƙaryata lissafin Bitrus, don ashe cikin bai rasa abin fitarwa ba.

Duk wurin mutum ɗaya ne kawai ke dariya, daga can baya. Na san muryar. Bitrus ne, har da riƙe ciki!

Mama ta tako har gabana ta karɓe makirfon, ta manta a kunne yake.

"Ɗana, mai magana muka nema ko mai kiwon tsuntsaye? Ɗauki abarka ka fita."

Haka na bi ƙarƙashin tebura da babbar riga ina kamun tattabara, mai ɗaukar bidiyo yana bina a baya. Wata guda ban yi wa Bitrus magana ba, muna ɗaki ɗaya. Da ya ce, "Ai dai an san ka yanzu," da takalmi na jefe shi. Katunan kuwa da su na riƙa hura risho.

Abin da ya fi ƙona min rai, bai yi ƙarya ba. Shekarun baya na shiga kasuwar Sabon Gari, wata dattijuwa ta ƙura min ido, ta tafa hannu ta ce, "La! Ba kai ne Mai Tattabara ba?"

Na koyi cewa alama kai kake zaɓa, amma suna jama'a ke raɗa maka, kuma ba sa neman shawararka. In kuwa alamar taka mai rai ce, don Allah ka ba ta gero kafin ku fita.