Baƙar Kwat a Shagon Pereira

"...lafiya lau na kwana, tunda ba wasanku na kalla jiya ba," in ji Kaka Hester, ko ɗago kai ba ta yi ba daga rigar da take shafawa. "Kai fa? Da wannan fuskar ka tashi, ko a jirgin ƙasa aka zauna maka a kanta?"

"Gado na yi, tsohuwa. Tambayi madubi ki ji daga wajen wa."

"Ja'iri. Ka makara."

"Ke dai kika yi sammako. Tsufa ne ya ƙwace miki barci, kike hucewa a kan bayin Allah."

Barnaby ya kakkaɓe lemarsa a bakin shagon Mista Pereira, mai sayar da kwat na gwanjo a wani lungu bayan Covent Garden, ransa a jagule. Watan Maris ne, lokacin da mutanen dandamalin wasan kwaikwayo na London ke zarewa gaba ɗaya. Kowa ya zama alƙali, kowa ya san wanda zai ci kyautar bana, 'yan wasan da ko gaisawa ba sa yi sai ka gan su suna rungume juna a titi. Kakarsa kuwa tana tsakiyar wannan hauka. Ta tsufa tana rubuta sharhin wasanni a jarida, tana ba wasa makin tauraro kamar daga jikinta ake yanka, kuma tana cikin kwamitin masu sharhi da ke raba kyautar shekara.

Shi ko jikan nata ya daɗe a harkar ba tare da ya tsinana komai ba. Ya fito a mai gadi, ya fito a gawa, ya taɓa shiga rigar doki ya fito a rabin doki na baya a wasan yara na Kirsimeti. Sai bana ya samu ɗan gurbi a wani wasa mai suna Jirgin Fito, fitowa ɗaya tak bayan hutun rabin lokaci. Ya riga ya yanke wa kansa hukunci: in wannan ma bai ɗaga shi ba, ya haƙura da dandamali. Wani ofishin dillalan gidaje a Croydon yana jiran amsarsa ranar Litinin.

Abin da ke cin sa kuwa ɗaya ne. Ranar da masu sharhi suka zo kallo, ya leƙo ta gefen labule ya ga kakarsa a kujerar bakin hanya. Da ya fito yin nasa, kujerar wayam. Sharhinta ya fito da tauraro uku, babu sunansa ko bisa kuskure. Sai ga wayarta, wai ya zo ta saya masa kwat. Ba sai an yi masa fassara ba, tsohuwa ta duba jikanta ta ga dillali.

Ya miƙa hannu ya zaro wata kwat mai ruwan toka.

"Ajiye," in ji Hester.

"Me ta yi?"

"Ka ga mai kai sammaci."

"To wannan shuɗiyar fa?"

"Wannan ai wani ya mutu a cikinta. Mista Pereira, mai wannan rigar yana raye?"

Mista Pereira ya ce shi dai daga hannun matarsa ya saya, bai tambaya ba.

"Ka ji ko."

"Tsohuwa, gidaje zan riƙa nuna wa mutane, ba aurenki zan zo nema ba."

"Wa zai ba ka? Ni da ka gani, mazan da suka yi layi a kaina sun fi 'yan kallonku na ranar Talata yawa."

"Duk sun mutu."

"Da baƙin cikin rashina."

"Da baƙin cikin sharhinki dai. Kakana ma na ji an ce ko shayi ya haɗa miki sai kin ba shi tauraro biyu."

"Shayin nasa ne ba shi da rabi na biyu. Ya fara da zafi, ya ƙare da ruwa."

Barnaby ya ja tsaki ya mayar da shuɗiyar. Hester ta zauna a kujerar awo ta miƙe ƙafarta mai ciwon gwiwa, ta shiga ba Mista Pereira labarin wahalar da take sha, shi da bai tambaye ta ba.

"Bawan Allah, ka gode wa Ubangiji da ya sa ka a sayar da tsumma. Wannan makon kaɗai na kalli wani wasa da suke zubo ruwan sama na gaske a dandamali, na fito da mura. Na kalli wani, 'yan wasan duk sun juya mana baya suna raɗa, wai mu ji kaɗaici. Na ji kaɗaicin kuɗin tasi na. Farkon makon kuma wata baiwar Allah ce ita kaɗai, tun da aka buɗe labule take fere dankali har aka rufe, jama'a suka miƙe tsaye suna tafi."

"Ke fa?" in ji Mista Pereira.

"Ni jira nake a dafa."

"Amma wannan kin zauna har ƙarshe," in ji Barnaby. "Mai dankali kin ba ta haƙƙinta."

Hester ta yi kamar ba ta ji ba. Ta nuna da sandarta can ƙarshen shago. "Ɗauko masa waccan."

Baƙar kwat ce wuluk, mai sheƙi a wuya, irin ta manyan bukukuwa. Barnaby ya dube ta, ya dubi kakarsa, ya tabbata yau kan tsohuwa ya kwance.

"Wannan zan sa in je nuna ɗaki ɗaya da banɗaki a Croydon? Su ɗauka gawa na zo ɗauka?"

"Ai ka saba. Ba ka taɓa fitowa a gawa ba? Gawar da ta yi atishawa."

"Ƙura ce a dandamalin!"

"Shiga ka gwada, surutunka ya ishe ni."

Ya shige bayan labulen gwaji yana ƙunƙuni. Daga ciki ne, da ba ya ganin idonta, abin da ya cika masa ciki ya samu hanyar fita.

"Na ga kujerarki, tsohuwa."

"Kujera ce mai kyau."

"Babu kowa a kai."

"To ta huta."

"Kada ki mayar da ni mahaukaci! Tun ina yaro kike cika mana kunne cewa mai sharhin da ya fita a hutun rabin lokaci ɓarawo ne, ya ci amanar alƙalaminsa. Kin zauna wa mai dankali. Kin zauna wa masu raɗa. Jikanki kaɗai ne ba ki iya jira ki gani ba. Sannan kika rubuta sharhi a kan wasan da kika ga rabinsa!"

Ya yaye labulen ya fito, wandon ya ɗan ɗage masa, idanunsa sun kaɗa. Ba wasa a muryarsa yanzu. Ya ji zafin abin nan ƙwarai, ya kwana da shi ya tashi da shi, kuma haushin kansa yake ji da ya bari ta gani.

Hester ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

"A sake masa ƙafar wandon, Mista Pereira. Ƙafafun zalɓe ya gado, ba daga wajenmu ba." Sannan ta juyo. "Kai, shanyayye. Wa ya ce maka fita na yi?"

"Kujerar..."

"Kujerar, kujerar! Ka san su wa ke zaune a layin nan? Duk abokan aikina, kowa da alƙalami a hannu, rabin idonsa a dandamali rabi a fuskata. A layin nan ba a tafi, ba a dariya, ko hanci ba a ja. Ka taɓa ganin mai sharhi ya yi tafi a ranar aiki? In zauna a nan jikana ya fito, tsofaffin kurayen nan suna leƙen fuskata?"

"To ina kika je?"

"Sama. Can ƙololuwa, inda ɗalibai ke zama gwiwa a haɓa. Da wannan ƙafar na hau, ina hawa ina tsine maka."

Barnaby ya girgiza kai.

"Ƙarya kike."

"Ƙarya? Ka shigo ta hagu da jaka a kafaɗa, kai ne ƙanen da ya dawo daga teku. Aka zuba maka romo. Kana sha yayarka ta gaya maka uwarku ta rasu tun kana hanya. Wata uku ana biyan ka kana shan romo a gaban jama'a, wannan ma ai sana'a ce."

"Duk wanda ya karanta wasan ya san wannan."

"A rubuce cewa aka yi ka ajiye cokali ka fashe da kuka. Kai ba ka ajiye ba. Ka ci gaba da sha, har kwanon ya ƙare, kana ta kankare gindinsa ba komai a ciki. Ƙarar cokalin nan har sama muke jin ta." Ta gyara riƙon sandarta. "Wata yarinya a gefena ta miƙo mini hankici. Ni, Hester Thwaite. Da ta san ko ni wace ce da na bar garin nan."

Mista Pereira, da ke durƙushe da allura a baki yana awon wando, ya ɗago ya dubi Barnaby da wani sabon ido.

"To me ya hana ki sa sunana?" in ji Barnaby, muryarsa ta sauko. "Layi ɗaya, tsohuwa."

"In yabi jinina a jarida? Washegari a ce ga jikan Hester, kakarsa ce ta tura shi? Da na kashe ka da hannuna. Kai dai ba ka da kai, rabin dokin ma na baya suka ba ka don sun sani."

"Sai kika ce bari ki saya mini kwat in tafi dillanci."

"Ni na ce dillanci? Kai ka ce dillanci. Ni kwat na ce." Ta buga sandar a ƙasa. "Kuma ka sani fushi nake da kai, fushi na gaske. Ka ja mini wulaƙancin da ba a taɓa yi mini ba. Shekaranjiya kwamiti ya zauna. An kawo shayi, an kawo biskit mai kyau, na shirya tsaf zan yaƙi mai dankali. Muka zo kan sabbin 'yan wasa, sai shugaban ya cire tabarau ya ce, Hester, don Allah ɗan ba mu wuri. Ni! Tun kafin a haife shi nake kwamitin nan. Suka fitar da ni baranda, kusa da bokitin mai shara, na zauna kamar ɗalibar da ta yi laifi. Da na dawo an cinye biskit ɗin."

Barnaby ya juyo ya zuba mata ido. Duk wanda ya taɓa taka dandamali a garin ya san dokar kwamitin nan. Abu ɗaya ne ke sa a fitar da alƙali daga ɗaki: in an kawo sunan ɗan'uwansa na jini cikin waɗanda za a zaɓa.

"Tsohuwa..."

"Ban gaya maka komai ba. Sai mako mai zuwa za a sanar. Ni labarin baranda na ba ka."

"Tsohuwa, ni? Sunana?"

"A'a, sunan Mista Pereira. Ina da wani jikan ne a dandamali?"

Ya dubi kansa a madubi, baƙar kwat mai sheƙi, sai yanzu ya gane wurin da aka saye ta domin sa: bikin raba kyautar shekara. Ya nemi zama a kan akwatin takalma.

"Tashi, za ka yamutsa! Kuma kada ka yi mini kuka a kai, ba a gama awo ba." Ta nuna shi da yatsa. "Kada kuma kanka ya kumbura. Ba kai za ka ci ba. Akwai wata yarinya 'yar Leeds da ta fi ka nesa ba kusa ba, da an bar ni a ɗakin ita zan zaɓa. Amma za a kira sunanka a gaban duk garin, kuma ba za ka miƙe a cikin rigar mai kai sammaci ba."

Barnaby ya yi dariya, hawaye na bin kumatunsa. "Ko a yau ba za ki iya yabo ba tare da cizo ba?"

"Haƙoran ma na saye ne, dole in mora."

"Croydon fa? Suna jira na Litinin."

"Su nemi wani maƙaryacin. Kai naka a dandamali za ka yi."

"To faɗa mini da bakinki. Sau ɗaya. Na iya ko ban iya ba?"

Hester ta harare shi, ta dubi Mista Pereira, shi kuma ya yi maza ya mayar da kai kan allurarsa. Ta yunƙura ta miƙe, ta ɗauki baƙin laktaye daga kan tebur, ta jawo wuyan jikanta ƙasa da ƙarfi kamar mai jan akuya. Ta shiga ɗaura masa. Sai dariya ta ƙwace mata.

"Ka iya, ɗan nema. Ka iya ƙwarai." Ta ja ƙullin ta daidaita shi. "In ka gaya wa wani na faɗa, zan ce ban san ka ba."